Kallon tsuntsaye masu ƙaura a gaɓar teku ƙarshen Agusta: wane lokaci ya fi?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Zan samu hutu a makon ƙarshe na Agusta, ina so in yi shi a gaɓar gabashin Ingila, wajen wani faffaɗan lungun teku da ake kira The Wash, don an ce lokacin ne tsuntsayen laka masu ƙaura ke wucewa, shahuna kuma na biye da su. Madubin hangen nesa na hannu gare ni, 8x42, sai littafin tsuntsaye guda. Damuwata biyu ce. Duk sanda na je irin wuraren nan laka nake tararwa iya ganin ido, tsuntsayen suna can nesa ba a ko tantance su. In ma sun matso, duk kala ɗaya nake ganinsu, toka-toka da ruwan ƙasa, babu wanda ya yi kama da hoton littafi. Da asuba ya kamata in fita ko da yamma? Kuma sai lallai na sayi babban madubin nan mai ƙafa uku?

Tsohon_Gaɓa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da shigowa. Ajiye maganar asuba da yamma tukuna. A gaɓar teku, cikowar ruwa da janyewarsa su ne agogon tsuntsu. Tsakanin cikowa da cikowa akwai kusan awa 12 da minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke ƙara jinkiri da kamar minti 50. In ka je ruwa ya janye a The Wash, lakar kan miƙe kilomitoci, su kuma suna can bakin ruwa suna kiwo, ko wane irin madubi ka riƙe wahala za ka sha. Nemi jadawalin cikowar ruwa na wurin, ka isa awa biyu kafin ruwa ya kai maƙura, ka sami wuri ka zauna. Ruwan da kansa zai koro maka su.

Kuma ba kowace cikowa ce ke da amfani ba. Babbar cikowa na zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata da bayan wata ya cika. Ita ce ke rufe lakar gaba ɗaya har tsuntsu ya rasa inda zai sa ƙafa. A Snettisham da ke bakin The Wash, gandun da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da shi, irin ranakun nan ne dubun dubatar tsuntsun da ake kira knot ke tashi. Da farko za ka ga layinsu yana ja da baya a ƙafa, ruwa na bin su, suna ta matsewa har laka ta ɓace a ƙarƙashinsu. Can sai su tashi lokaci guda kamar hayaƙi, garken ya yi duhu in sun ba ka baya, ya koma fari fat in sun juya ciki. Sai su bi ta saman kanka su sauka a tsofaffin ramukan da aka haƙi tsakuwa a bayan gaɓa. Ba kuka suke yi sosai ba, ƙarar fukafukai kawai za ka ji. A can babbar cikowa kan faɗo da sassafe ko da yamma, to ka ga amsar tambayarka ta zo da kanta.

Maganar kama da juna kuwa, littafinka bai yi ƙarya ba, watan ne mai rikitarwa. Ni shawarata, kafin ka tambayi wane iri ne, fara tambayar babba ne ko ɗan bana. Manya ne ke fara barin wuraren ƙyanƙyasa a arewa mai nisa, tun Yuli ake ganinsu, kuma a nau'o'i da yawa uwa ce ke fara tafiya ta bar uba da 'ya'ya. 'Yan bana sai Agusta da Satumba suke tasowa, su kaɗai, ba mai nuna musu hanya. Babba a wannan lokaci gashinsa ya tsufa, ya kode, yana cikin sakewa, rabi na lokacin aure rabi na hunturu, duk ya yi dabbare-dabbare. Ɗan bana kuwa tsaf yake, kowane gashin bayansa da farin baki ko ruwan zinare a gefe, a jere. Da zarar idonka ya saba da wannan bambanci, rabin aikin ya ƙare.

Daga nan ka riƙe tsuntsu ɗaya ka san shi ciki da waje, ka riƙa auna sauran da shi. Danlin ya fi dacewa, don ko'ina akwai shi: ɗan ƙarami, baki mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe, babbansa har yanzu da sauran baƙin tabo a ciki. In ka ga wani a cikinsu ya fi tsayin ƙafa da wuya, baki ya fi lanƙwasa, da ya tashi ka ga fari tas a saman wutsiya, to ka yi sa'a, curlew sandpiper ne daga Siberiya. In ya fi danlin ƙanƙanta, baki gajere miƙaƙƙe, da farin zane mai siffar V a baya, ɗan banan little stint ke nan. Sauran ɗabi'a ce ke tona su. Sandalin bin igiyar ruwa yake da gudu, ta koma ya bi ta, ta dawo ya ja baya. Wanda ake kira mai juya duwatsu aikinsa ke nan, sa baki ƙarƙashin tsakuwa da ciyawar teku yana birkitawa. Kunne ma na aiki: wanda ake kira mai koren ƙafa kukansa uku ne a jere in ya tashi, wimbirel kuwa fito yake jerawa da sauri, wajen sau bakwai.

Babban madubi yana da daɗi, amma kada ka yi gaggawa. Ranar babbar cikowa 8x42 ɗinka ya wadatar, kuma a rumfunan kallo da wuya ka rasa mai ce maka zo ka leƙa ta nawa.

'Yar_Fadama:

Baba Tsohon_Gaɓa ya gama magana kan na laka, amma ya bar shahunan da ka tambaya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ni su ne nawa. Jadawalin ruwa bai dame su sosai ba, yanayin sama suke bi, don haka in ruwa ya janye kada ka tattara ka tafi gida.

Dabarar farko, bari tsuntsayen laka su yi maka gadi. In ka ga garke ya zabura ba dalili, ya dunƙule wuri guda yana juyi a sama, kada ka tsaya kallonsu, ɗaga madubi sama da su da bayansu. Sau da yawa faregirin ne, shahon da kan wuce kilomita 300 a awa in ya naɗe fukafukai ya sako ƙasa. A Agusta 'yan bana ne suka fi yawa, ruwan ƙasa da zane a tsaye a ƙirji, kuma suna yawan kuskure, sai ka ga ya kai bara sau da dama bai kama komai ba. Shahon fadama daban yake, ƙasa-ƙasa yake yawo saman dogayen ciyayi, fukafukai a ɗan ɗage, yana tangaɗi. Ɗan banansa baƙi-baƙi ne da hula ruwan zinare. In hantsi ya dubi ludayi rana ta yi ɗumi, duba saman tafkuna, hobi, wani ƙaramin shaho, na kama mazari da ƙafa yana ci a sama ba tare da ya sauka ba.

Wanda na fi so shi ne shahon kifi. Uwa kan riga tafiya a Agusta, uba ya ci gaba da ciyar da 'ya'ya, daga baya kowa ya kama hanyarsa shi kaɗai. 'Yan bana kan yi zango na kwanaki a bakin koguna suna koyon kamun kifi. Yakan tsaya cak a sama, ya faɗo da ƙafafu a gaba, ya tashi yana kakkaɓe ruwa, ya juya kifin kai ya dubi gaba. Na Birtaniya yawancinsu Senegal da Gambiya suke nufa.

Sai dai gaskiya ɗaya, Malam Sabon_Shiga, a The Wash ɗai-ɗai za ka gan su. Masu shawagi irin su shirwa da shahon da ke cin 'ya'yan rina sun dogara da iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa, ita kuwa ba ta tashi a kan teku, shi ya sa suke taruwa inda ruwa ya fi ƙunci. Mashigin Jibralta kilomita 14 ne kacal a wurin da ya fi matsewa. Akwai Falsterbo a kudancin Suwidin, akwai Batumi a Jojiya inda ake ƙirga fiye da miliyan ɗaya a kaka guda. Masu cin rina ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba suke cika sama a can, sai ka sa shi a lissafin wata shekara.

Mai_Zobe:

Ƙari kaɗan. Don Allah in sun sauka hutawa lokacin cikowar ruwa, kada a matsa musu don neman hoto, kada a saki kare. Kitsen da suke tarawa shi ne guzurinsu, kowace tashi ta banza ragi ce. Wasu knot ɗin Siberiya in sun tashi daga Tekun Wadden, tsakanin Holan da Jamus da Denmak, ba sa sauka sai Banc d'Arguin a Muritaniya. A 2022 wani ɗan banan godwit, tsuntsun laka mai dogon baki, ɗauke da na'urar bin sawu ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11.

Kuma ka riƙa duban ƙafafu. Godwit masu baƙar wutsiya da ke zuwa daga Aislan da yawansu na da zobba masu launi. Rubuta launin, ƙafar hagu ko dama, sama da gwiwa ko ƙasa, da wanda ke bisa wani. In ka aika wa masu binciken sukan turo maka tarihin tsuntsun, inda aka sa masa zobe da duk inda aka taɓa ganinsa.

Sabon_Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba jadawali, akwai babbar cikowa safe da yamma a cikin kwanakin hutuna. Baba, wacce zan zaɓa?

Tsohon_Gaɓa:

Ta safe. Snettisham yamma yake fuskanta, da safe rana na bayanka, kowane launi zai fito. Da yamma tana cikin idonka, inuwarsu kawai za ka gani. Daga inda ake ajiye mota zuwa wurin kallo tafiya ce mai ɗan nisa a kan tsakuwa, ka ƙara lokacinta a lissafi, ka ɗauki riga mai kauri, iskar teku da asuba ba ruwanta da Agusta. In ruwa ya fara janyewa kada ka tashi, bayan kamar awa ɗaya za su fito daga ramukan rukuni-rukuni su koma laka, lokacin ne ka fi samun damar duba ƙafafun da Mai_Zobe ya ce.