Sanin kai ne farko, ko sanin Allah?

Auta: Assalamu alaikum. Jiya na ji wani yana cewa akwai hadisi, wai "wanda ya san kansa ya san Ubangijinsa." Ya ce mutum ya fara tona zuciyarsa, a can zai sami Allah. Maganar ta shige ni sosai. Yaya kuka gani?

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, fara cire kalmar hadisi tukuna. Imamu Nawawi ya ce maganar ba ta tabbata daga Annabi (SAW) ba, Ibnu Taimiyya kuma ya ce ƙirƙirarriya ce. Ana jingina ta ne ga Yahaya ɗan Mu'azu Arrazi, mai zuhudu da ya rasu a shekara ta 258 bayan Hijira.

Yaya Babba: Na yarda, Kawu. Amma don ba hadisi ba ce ai ba za a ce ma'anarta ƙarya ba ce. Suratuz Zariyat aya ta 21 ta ce mu duba cikin kawunanmu, shin ba ma gani? Wanda ya lura ko bugun zuciyarsa ba a hannunsa yake ba, ai ya kama hanyar gane Mai riƙe da shi.

Kawu: To buɗe Suratul Hashri aya ta 19. Waɗanda suka manta da Allah, sai Ya mantar da su kawunansu. Ka ga wanne ya riga? Abin da nake tsoro shi ne yaro ya zauna yana sauraren ransa, duk abin da ran ya raya masa ya ɗauka haske ne. Alhali a Suratu Yusuf aya ta 53 an ce rai mai yawan umarni da mummuna ne, sai wanda Ubangiji Ya yi wa rahama.

Goggo: Ni ban kai ku karatu ba, amma bari in faɗi abin da ya same ni. Shekaru ina ganin kaina mai haƙuri, kowa ma haka yake cewa. Wani dare na tashi nafila, ina sujada ina roƙon gafara, sai fuskar ƙanwata ta faɗo mini. Mun yi wata takwas ba ma magana, ni kuwa ina cewa na yafe. Na so in sa ta a addu'a, bakina ya ƙi. Nan na gane gaba nake yi, na sa mata suna haƙuri. Na yi kuka har gefen hijabina ya jiƙe. Da asuba na kira ta. Duk zaman tunanin da na sha yi ni kaɗai bai taɓa nuna mini wannan ba, sai da goshina ya taɓa ƙasa.

Yaya Babba: Allah Ya saka da alheri, Goggo. Amma Imamu Gazali fa? Yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ne da matsayi. Harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, ya bar garin a 1095 Miladiyya ya tafi Dimashƙa ya keɓe. Da kansa ya fara.

Kawu: Da wane ma'auni ya auna niyyar tasa? Da bai san Allah ba Ya karɓar aiki sai da ikhlasi ba, ina zai ga neman suna a matsayin ciwo? Wani ma alfahari zai yi da shi. Kuma kar ka manta, bayan kusan shekara 11 ya koma koyarwa a birnin Naisabur da ke Iran ta yau.

Yaya Babba: Ma'aunin na wurin Allah, ban musa ba. Amma mutane nawa ne suka haddace ayoyin ikhlasi, ba su taɓa juyo da su kan kansu ba?

Auta: Goggo, da kika kira ta, me ta ce?

Goggo: Shiru ta yi, sannan ta ce, "Yaya, ke ce?" Daga nan muka kasa magana mu duka biyu.