Matsi a bakin walda yana ta hauhawa duk lokacin da na ƙanƙanta ragar lissafi

Assalamu alaikum. Ina lissafin gajiyar ƙarfe (raunin da ke samunsa saboda ɗora masa nauyi da saukewa a kai a kai) a babbar gadar injin ɗaga kaya mai tafiya a sama, mai ɗaukar tan 20, wadda aka ƙera da ƙarfen gini nau'in S355, kuma na maƙale a wuri ɗaya tun makon jiya.

A cikin manhajar lissafin injiniya ta ANSYS, wadda ke rarraba siffar gadar zuwa raga mai ƙananan gidaje, lanƙwasar gadar ta yi daidai da lissafin da na yi da hannu, amma a bakin waldar da ta haɗa farantin ƙarfafawa na ciki da bangon gadar, matsin da ke cikin ƙarfen ya ƙi tsayawa a adadi ɗaya. Da raga mai gidajen milimita 10 na samu matsin megapascal (MPa) 140, da ta milimita 5 ya kai 190, da ta milimita 2 kuwa ya haura 260, abin da ya sa shekarun aikin da ƙa'idar Miner (ta tara lahanin gajiyar ƙarfe) ke ba ni suke ta raguwa ba gaira ba dalili. Na zana siffar waldar kanta, na kuma sauya nau'in raga, duk a banza. Ina zargin kaifin kusurwar bakin waldar a zanena ne, domin a zahiri babu walda mai kaifi haka.

Shin in ɗauki matsin a nisan 0.4t da 1.0t daga bakin waldar (t shi ne kaurin farantin) in miƙa lissafinsa zuwa bakin, kamar yadda cibiyar walda ta duniya (IIW) ta tanada, ko kuwa ƙa'idar Turai ta ƙirar ƙarfen injinan ɗaga kaya, EN 13001-3-1, matsin gangar gadar kawai (ba na bakin waldar ba) take bukata a nan?