Muhawarar Fadar Birni: Mulhidi Mahaukaci Ne Ko Marar Tarbiyya?

Malam Sani: Salamu alaikum. Ɗan ƙanwata ya dawo daga karatu Faransa, jiya bayan magariba ya ce wa uwarsa shi bai yarda akwai Allah ba. Kwana ta yi tana kuka. Ni a ganina mai faɗin haka ko kansa ya taɓu, ko kuwa sheƙe aya yake so ba mai tuhumarsa. Babu na uku.

Ibro: Wa alaikumus salam Baba Malam, Allah ya shirye shi. Amma ka yi mini haƙuri, akwai na uku. Dahriyyawa da suka ce zamani ne kawai ke halaka mu, a Suratul Jasiya aya ta 24, Alƙur'ani bai ce da su mahaukata ba. Cewa ya yi ba su da ilimi, zato suke yi. Mai zato hujja ake kawo masa.

Malam Sani: Hujja ai ga ta nan. Kashin raƙumi na nuna raƙumi ya wuce. Ana ba da labarin Imamu Abu Hanifa ya tambaye su ko jirgin ruwa zai iya ƙera kansa, ya yi lodi, ya tuƙa kansa. Suka ce a'a. To duniya fa?

Zali: Kawu, ni da nake aikin jinya zan faɗi abin da ba a son ji. Jirgin Abu Hanifa ba shi ke damun yaran nan ba. Lokacin yunwar 2005 ina wurin ciyar da yara masu tamowa. Na auna damtsen wani yaro, yatsuna biyu sun zagaye shi har da saura, kafin asuba ya cika. Na riƙe imanina, alhamdulillahi, amma daren nan na yi tambayar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. In wani ya yi irinta ya kasa dawowa, ba zan ce mahaukaci ne ba.

Elhaji Mutari: A'uzu billahi. Ridda ce. A kore shi kafin ya lalata ƙannensa. Kano ma shekara 24 aka yanke wa Mubarak Bala, ɗan Nijeriyar nan da ya ce bai yarda da Allah ba, a 2022.

Ibro: Elhaji, shi kan ɓatanci aka kama shi, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita 5. Yaron nan bai zagi kowa ba, a ɗakin uwarsa ya yi magana. Mu da muka ga 16 ga Janairun 2015 a garin nan namu Damagaram, majami'u na ci da wuta, an yi asarar rayuka, bai kamata mu riƙa saurin hura wuta ba.

Zali: Batun tarbiyya kuma, makon jiya na auni gero tiya biyar wurin wani mai tabon salla a goshi. Da na zo gida na sake aunawa, huɗu da rabi. Ina imaninsa ya tafi?

Malam Sani: Nan kam kin ba ni makami, ƴata. Me ya sa kika ji haushi? Domin akwai "wailun lil muɗaffifin", ayar da ta yi wa masu tauye mudu gargaɗin azaba, kin san ya saɓa wa mudun da ba shi ya ajiye ba. Mulhidi in ya cika tiya, madalla, amma wa ya ce masa tauyewa laifi ne?

Ibro: Zai ce maka shi ma ba ya son a tauye masa.

Malam Sani: In ya tabbata ba mai gani fa?

Ibro: Wannan shi za ka tambaya, Baba. Kawo shi fada daren Juma'a, shayi a kaina.

Elhaji Mutari: Ni ban zuwa.

Malam Sani: In ya yarda. Ibro, turo mini ayar nan ta Suratuɗ Ɗur, wadda ke tambaya ko su suka halicci kansu.

Ibro: Aya ta 35.

Zali: Kawu, a ce wa Inna ta ci abinci, tana da hawan jini.