Neman shawara: Chevelle 1970 nake so in sa wa giyabos mai obadaraif, 700R4 ko 200-4R?

Mai Chevelle (Houston):
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan tsofaffin motocin Amurka. Ina da Chevelle Malibu 1970, inji 350 ne a ciki da giyabos ɗinta na asali TH350 otomatik mai giya uku. Wanda na saya a hannunsa ya riga ya canza aksil ɗin baya ya sa mai reshiyo 3.73, ya ɗora kafireta Edelbrock, tayar baya kuma tsayinta wajen inci 26. A cikin gari wallahi ba ni da abin cewa, kana taɓa totur ta zabura. Matsalar sai an hau babban titi, in na kama I-45 na nufi Dallas da mil 70 a awa allurar rpm tana wajen 3,400 kuma a nan za ta zauna har in isa, ƙarar inji ta cika mota ko magana da na gefenka sai ka ɗaga murya, ƙasan motar ya ɗau zafi kana ji a tafin ƙafa, mai kuma ba a magana. Maiɗakina da yara sun daina yarda su shiga in tafiyar mai nisa ce, kuma abin yana damuna don saboda su na saye ta.

Maganin dai giyabos mai obadaraif ne, wato mai ƙarin giya ta huɗu da ke rage juyin inji a babban titi. Bakaniken da nake kai wa ya ce in nemo samfurin 700R4, wani dattijo Bature kuma da muke haɗuwa a wajen baje kolin tsofaffin motoci ya ce kar in kuskura, 200-4R zan nema. Ni dai ba na so a yanka ƙasan motar ko a buga shi da guduma, kuma kuɗin ba wasu masu yawa na ware ba. Wanne ya fi? Me kuma zan tanada bayan giyabos ɗin kansa? Allah ya saka da alheri.

Bakanike daga Panteka, Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mu nan irin wannan motar ba ta zuwa hannunmu, amma Suburban da GMC muna taɓawa, giyabos ɗinsu 4L60E ne kuma giya huɗu gare shi. Me zai hana ka nemi shi tunda a wajenku ya cika ko'ina? Ko kuma mafi sauƙi ka mayar da aksil ɗin 3.08 ka huta, giya uku ɗin ma ta ishe ka.

Direban tirela (Ohio):
Oga na Panteka maganarka akwai ƙamshin gaskiya amma 4L60E birenbos, wato kwamfutar mota, ne ke canza masa giya, motar Alhaji kuwa kafireta ce ba ta da kwamfuta ko ɗaya, sai ya sayi na'urar sarrafa shi daban da sensa a jikin totur da wayarin, kuɗi ya ƙaru kenan. 700R4 shi ne uban 4L60E, giyoyinsu iri ɗaya ne, shi dai ba ya buƙatar kwamfuta.

Bari in yi maka lissafin da muke yi. Gudun mota a mil sau reshiyon aksil sau 336, a raba da tsayin taya. 70 sau 3.73 sau 336 raba 26 ya ba ka 3,374, ka ga daidai da abin da allurarka ke nunawa. Giya ta huɗu a 700R4 0.70 ce, za ka sauko wajen 2,360. A 200-4R 0.67 ce, wajen 2,260. In ka bi shawarar 3.08 da giya uku za ka tsaya a 2,790 kuma ka rasa zaburar nan da kake yabo. Ni dai kar ka taɓa aksil ɗin nan, 3.73 da obadaraif ai shi ne abin da kowa ke nema.

Dattijon guruf (Atlanta):
Ƙanina Baturen nan ya faɗa maka gaskiya, kuma zan gaya maka dalili, don na yi wannan aikin a Cutlass 1971 wadda ƙashinta ɗaya da Chevelle ɗinka. 200-4R tsawonsa ɗaya da TH350 mai gajeren wutsiya, bai kai inci 28 ba, kuma haƙoran shaf ɗin baya 27 ne kamar na TH350, wato farfelarka, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil ɗin baya, da kanta za ta koma ba sai an kai ta an rage ba. Abin da ke canzawa wajen zaman mauntin ne, ya ja baya wajen inci 6, sai ka kwance kurosmemba, ƙarfen nan da giyabos ke zaune a kai, ka tura shi baya zuwa ramukan da kamfani ya huda wa TH400, wani giyabos ɗin da ake sa wa irin motar. Ka shiga ƙarƙashin motar da tocila ka duba jikin firam ɗin za ka gan su, ƙila tsatsa da ƙasa sun toshe su. Abu ɗaya da mutane ke mantawa, in kurosmemba ya ja baya wayar hambirki ba za ta yi daidai ba, sai ka sayi ta motar da ta zo da TH400. Ba tsada.

700R4 kuwa ya fi tsawo da kusan inci 3, dole a rage farfela a yi mata balans, mauntin ɗinsa kuma ya faɗo tsakanin ramukan biyu sai ka huda sabo ko ka sayi kurosmemba na musamman. Sannan giyarsa ta ɗaya 3.06 ce ta biyu 1.62, ramin da ke tsakani yana da faɗi, da 3.73 ɗinka kafin ka gama tsallake mahaɗar titi ya riga ya shiga ta biyu inji ya faɗo. Shi 200-4R 2.74 ne, 1.57, 1.00, sai 0.67, sun fi kusa da juna, tuƙin ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Mai gareji (Chicago):
Baba da girmanka amma ban yarda duka ba. A 1990 aka daina 200-4R, yau in ka je wajen 'yan gwangwan da wuya ka samu, in ka samu ma yawanci na Cadillac ne ko Caprice da aka saita don tafiyar lallaɓa. Masu kyan su ne na Buick Grand National 1986 da 1987 da na Monte Carlo SS, su kuwa masu su sun san abin da suke riƙe da shi. 700R4 daga 1982 aka sa shi a Camaro, Corvette, Caprice, a-kori-kura, Suburban, kayan gyaransa ko'ina akwai kuma duk mai gyaran giya ya san cikinsa. Sharaɗi dai Alhaji ya nemi na 1987 zuwa sama, na farkon nan masu haƙora 27 a shaf ɗin gaba ba su da ƙwari, waɗanda suka biyo bayansu haƙora 30 gare su. Ya kuma kula kar a haɗa shi da na mota mai fowil ko na ƙaramar S-10 mai inji 2.8, wannan bakinsa ba zai hau 350 ba sam. Rage farfela aikin yini ɗaya ne, ba abin tsoro ba ne.

Dattijon guruf (Atlanta):
Maganar ƙarancinsa gaskiya ce ban musa ba. Amma ko wanne ya samo ai ba zai ɗora giyabos mai shekara 35 haka nan ba, dole a buɗe a sa sabon faiba da sil a duba famfo. Tunda za a buɗe, inji 350 da ba a yi masa wani aikin tsere ba kowannensu zai ɗauka. Shi kuma ya ce ba ya son yanke-yanke, shi ya sa na tsaya a kan nawa.

Mai gyaran giya (Dallas):
Salam. Na karanta duka, kuma duk kun bar abin da ke kashe giyabos ɗin. Alhaji ka saurare ni da kyau dan Allah. Ko 700R4 ko 200-4R, dukansu da kebul ɗin TV (throttle valve) suke aiki, yana tasowa daga hannun totur a kafireta ya shiga giyabos. Mutane suna ganinsa su ɗauka irin kebul ɗin kikdawun na TH350 ne, mai sauko da giya in an take totur, wanda ko ka cire shi mota za ta yi ta tafiya, to ba haka ba ne. TH350 da bakyum yake gane nauyin da ke kan inji, ta wannan ɗan gwangwanin da ke gefensa mai tiyo. Waɗannan biyun ba su da shi, kebul ɗin ne kaɗai ke gaya wa giyabos an taka totur ya ƙara matsin mai ya damƙe faiba. In kebul ya yi sako-sako, inji na ba da ƙarfi matsin mai na ƙasa, faiba ta yi ta sulɓi tana ƙonewa kai kuma ba ka sani ba don canjin giyar laushi zai yi maka har ka ji daɗi. An kawo min wata Nova da wani gareji ya yi wa wannan aikin, sabon giyabos fil, ba ta yi sati a titi ba, da na sauke farantin ƙasa man ya koma baƙi yana warin ƙauri, garin faiba ya kwanta a ƙasan farantin kana dangwala yatsa yana manne maka. Kebul ne kawai aka maƙala a ramin da ba nasa ba.

Kuma nan ne Edelbrock ɗinka ya shigo. Hannun totur ɗin kafiretocin kasuwa, shi da Holley, ba lallai ramin ya zo a inda giyabos ke so ba. Ana so wajen maƙala kebul ya kasance kusan inci 1.1 daga tsakiyar shaf ɗin totur kuma a kusurwar da ta dace, don ja ya fara tun daga taɓawar farko. Ana sayar da ɗan ƙarfen gyara na musamman da biraket ɗinsa na wannan kafiretar, ka saya, kar a ce za a lanƙwasa wani ƙarfe a yi walda. Bayan an ɗaura, inji a kashe, wani ya take totur har ƙasa daga cikin mota kai kana duba kafireta ta buɗe duka kuma kebul ya miƙe tsam ba rara. Daga nan a ɗaura geji mai kai 300 psi a jikin giyabos a tada mota, kana ɗan jan kebul allura ta motsa nan take. In ka ja ba ta motsa ba kar motar ta fita daga gareji. A titi kuma in ka ga tana sauri-saurin shiga ta biyu ta uku ta huɗu tun ba ka yi nisa ba, ko ka take ta ƙi saukowa, faka a wajen. In giyar ta makara tana bugawa da ƙarfi kebul ya yi tsauri ne, wannan ya fi sauƙin illa amma shi ma a gyara. Tsohon tiyon bakyum ɗin kuma a toshe shi a jikin inji.

Mai wayarin (Kano):
Ƙari a kan na Oga, kwanbatan waɗannan, wato abin da ke haɗa inji da giyabos, yana da kulocin kullewa a ciki kuma wuta yake so, 12V. A motar asali kwamfuta ke sarrafa shi, a taka sai an ja masa waya ta fiyus, ta bi ta suwic ɗin birki yadda kana taka birki zai saki, a ciki kuma a sa suwic ɗin da zai bari ya kulle a giya ta huɗu kaɗai. Wasu na ƙara na bakyum don ya saki in an taka totur a hawa. Kar ka bar shi ba a haɗa ba, a ta huɗu in bai kulle ba zafi yake tarawa. Da zafin Texas ɗin nan da muke ji ka ƙara ɗan lagireton man giya a gaban babban.

Hajiya (Maryland):
Ni ba bakanikiya ba ce amma maigidana yana harkar saye da sayar da irin waɗannan. TH350 ɗin da za ka sauke kar ka sayar kar ka bayar, in na asalin motar ne lambarta tana jikinsa. Ka tsiyaye man ka rufe shi ka ajiye tare da duk ƙarfen da ka cire. Ranar da za ka sayar da motar mai saye zai tambaya, kuma kuɗi ne.

Mai Chevelle (Houston):
Kai jama'a Allah ya biya ku, ya ƙara arziki. Hajiya, na ji, zan ajiye shi. Baba, na shiga ƙarƙashin motar ɗazu bayan la'asar kuma ga ramukan nan a firam kamar yadda ka ce, don haka 200-4R zan nema, in ya gagara zuwa ƙarshen shekara sai in koma shawarar mai gareji. Oga na Dallas in ba damuwa kai zan kawo wa ka buɗe shi kuma kai za ka saita kebul ɗin. Saura abu biyu, giyata a jikin sitiyari take, za ta yi aiki? Maleji fa?

Mai gyaran giya (Dallas):
Ba damuwa Alhaji, ka yi min magana ta inbos in ka samo. Giyar sitiyari za ta yi, sai dai a gyara sandar da ke zuwa giyabos a canza ɗan gilashin da ke nuna P R N D don yanzu matsayi ya ƙaru da ɗaya, in ba a saita ba za ka ga ba ka iya saukowa ta ɗaya da hannu, kuma a tabbatar mota ba ta tashi sai a P ko N. Maleji kebul ɗinka na da zai ɗauru, ƙananan giyoyin roba na ciki ne za mu zaɓa daidai da 3.73 da tayar inci 26. In kuma ka yanke shawarar ɗorawa da kanka a gida, zuba man Dexron wajen lita ɗaya a kwanbata kafin ka sa shi, ka yi ta juya shi kana turawa har ya faɗa ciki sau uku ya zauna a famfo. Bayan ka ɗaure giyabos a inji ya zama akwai rata 1/8 zuwa 3/16 na inci tsakaninsa da fulawil wadda za ka jawo shi gaba ka ɗaure. In ka ga ya matse ba rata to bai zauna ba, sauke ka sake, kar ka ja shi da noti don famfon ne zai fashe. Ka turo min hoton lambar da ke jikin giyabos ɗin kafin ka biya kowa kuɗi.