Ƙarin faifai a Lustre: shin tsoffin fayiloli za su rarrabu da kansu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da sabobin ajiya a wata cibiyar bincike, muna amfani da Lustre, wato tsarin da ke rarraba fayiloli a kan faifai masu yawa, mai OST (rumbunan da ke ɗauke da abin da ke cikin fayiloli) guda takwas, kuma jiya da na buga umarnin lfs df, mai nuna filin da aka cinye, sai na tarar shida daga cikinsu sun haura kashi 90 cikin 100. Mun sayo faifan da za su ba mu ƙarin OST huɗu. Idan na haɗa su, shin tsarin zai rarraba tsoffin fayiloli da kansa, ko kuwa sai na sa hannu?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Sai ka sa hannu, domin Lustre ba ya motsa fayil ɗin da aka riga aka rubuta. Abin da yake yi shi ne, da zarar bambancin filin da ya rage tsakanin OST ya wuce kashi 17 cikin 100, wanda shi ne ma'aunin qos_threshold_rr na asali, sai ya bar rabon bi da bi ya karkata ga masu fili. Nan matsalar take, saboda yawancin sababbin rubuce-rubuce za su taru a kan faifai kaɗan, masu bincike kuma su fara kukan aiki ya yi nauyi alhali ka ƙara musu wuri. Shawarata ita ce ka mayar da ma'aunin max_create_count sifili ga OST ɗin da suka cika, don a daina ƙirƙirar sababbin fayiloli a kansu, sannan ka kwashe manyan fayilolin da ba a taɓawa zuwa OST masu fili da umarnin lfs_migrate, kaɗan-kaɗan, da dare.

Amsa ta biyu:
Ina goyon bayan wannan, amma ka duba lfs df -i, mai nuna yawan fayilolin da za a iya ƙara ƙirƙira, kafin komai. Mun taɓa ƙara faifai muna murna, bayan 'yan makonni aka kasa ƙirƙirar fayil ko ɗaya duk da fili jingim, ashe MDT, wato rumbun da ke riƙe sunayen fayiloli da wuraren da suke, ita ce ta cika da rajistar ƙananan fayiloli. Kuma lokacin shirya faifan da umarnin mkfs.lustre ka ba kowane sabon OST lambar da ba a taɓa amfani da ita ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na duba MDT, tana da sauran fili sosai, don haka zan fara da kwashe bayanan bara a daren Juma'a, in Allah Ya yarda.