Rigar masu kurme a ruwan sanyi: wane suna za mu raɗa mata?

1/ Jama'a, suna nake nema. Akwai wata riga da masu kurme da tukunyar iska suke sawa a ruwan sanyi, Turawa na ce mata "dirai-sut". Tana rufe mutum daga wuya har tafin ƙafa, ya shiga ruwa ya fito, kayan da ke jikinsa ko ɗigo bai taɓa su ba. Na ga wasu na rubuta "busasshiyar riga". Ni dai bai kwanta mini ba.

2/ A fara raba ta da 'yar uwarta, baƙar nan mai ɗame jiki da aka fi gani a hotuna. Waccan ruwa na shiga cikinta. Da robar niyofirin ake yin ta, mai cike da ƙananan kumfa, kuma ana danganta ƙirƙirarta ga Hugh Bradner na Jami'ar Kalifoniya a 1952. Ruwa kaɗan ya shiga, jiki ya ɗumama shi, robar ta tsare zafin. A ruwa mai ɗumi ta wadatar. Amma ruwa yana zuƙe zafin jiki da saurin da ya ninka na iska fiye da sau 20, don haka idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, yawancin masu kurme sai su koma wa wadda muke magana a kai. A Silfra, wani wurin kurme a ƙasar Aisland, inda ruwa ke tsakanin digiri 2 zuwa 4 duk shekara, ba a barin mutum ya yi kurme sai ya nuna shaidar ya iya sarrafa ta.

3/ To, "busasshiyar riga". Duk rigar da aka ɗauko daga kan igiyar shanya ai busasshiya ce. Wannan kuwa sharkaf take fitowa daga ruwa tana ɗiga. Na cikinta ne bai jiƙa ba. A Turanci maganar ta zauna, a bakinmu sifar ta faɗa kan rigar maimakon mai rigar.

4/ "Rigar ruwa" tana da mai ita, ta damina ce. "Rigar sanyi" ma haka, kuma ba gaskiya ba ce: dirai-sut irin mai siririn ƙyalle ba ta ɗumama kowa. Ɗumin yana cikin kayan laushi da ake sawa a ƙarƙashinta da iskar da suka riƙe. Shi ya sa malamin kurme zai hana ka sa auduga a ciki, domin auduga na shan gumi ta manne a fata, sanyi ya kama ka daga ciki.

5/ Ga inda maganar take. Wanda bai taɓa shiga cikinta ba yana zaton tufa ce kawai. Sa ta ma aiki ne: ka zura ƙafafu, ka barbaɗa hoda a robar hannu don kada ta yage, ka buɗa robar wuya da tafukan hannu biyu ka tura kai kamar ana haihuwarka, sannan idan zif ɗin a baya yake abokin kurmenka ya ja maka shi daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Zif ne mai tauri da ake goga wa kaki, kuma idan aka bar ko ɗan yatsa ɗaya bai rufe ba, za ka sani tun matakin farko. Daga nan ka tsuguna, ka ɗan ja robar wuyan, iska ta fita fuuu, ka miƙe rigar ta lafe a jikinka.

Sauran iskar da ta rage a ciki ita ce duk karatun. Kowace mita 10 da ka sauka a teku, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar sararin duniya gaba ɗaya. A mita 10 iskar cikin rigar ta koma rabin girmanta. Sai rigar ta fara matse ka, kowace ninki tana mintsinin fata, hannu ya ƙi ɗaguwa sosai, wasu har su fito da jan zane a jiki. Maganinsa wani maɓalli ne a ƙirji, haɗe da tiyo daga tukunyar da ke bayanka: ka danna kaɗan, iska ta shiga, rigar ta saki. (Tukunyar nan, tunda an zo wurin, ba oksijin zalla ba ce kamar yadda ake yawan faɗa. Iskar da muke shaƙa ce aka matse, oksijin ɗinta kashi 21 cikin ɗari.)

6/ Hawa sama kuma abin juyewa yake. Iskar da ka ƙara a ƙasa tana kumbura, tana ɗaga ka, kana ɗaguwa tana ƙara kumbura. Mafitarta wani bawul ne a damtsen hagu, kuma iska ba ta zuwa wurinsa sai ka ɗaga wannan kafaɗar ta fi ko'ina tudu. Idan ɗan koyo ya sunkuyar da kai don kallon wani abu a ƙasa, iskar sai ta gudu ƙafafu, inda babu mafita. Ƙafafu su yi sama, takalman iyo su nemi suɓucewa, ruwa ya yi sama da shi a kife, ga shi saurin fitowa daga zurfi yana da haɗari ga huhu da jini. Shi ya sa tun a kwamin koyo ake sa shi ya jawo wannan halin da gangan, ya dunƙule gwiwa a ƙirji, ya yi alkafura, ya dawo kai sama ya saki iska. Sai an ga hannunsa ya faɗa ake fita da shi buɗaɗɗen ruwa.

7/ Saboda wannan ne sunan "salka" ya ba ni sha'awa: fata ce rufaffiya mai ɗaurarren baki, sai dai ita ruwan take tsarewa a ciki, wannan kuwa a waje. Matsalarta, duk wanda ya ji "salkar kurme" zai ɗauka wani abu ne da ake ratayawa, ba sawa ba. "Sulken ruwa" yana da daɗin faɗa, amma yana alkawarin da rigar ba ta cikawa, don ba ta kare ka daga nauyin ruwa ko kaɗan. "Rigar iska" ita ta fi kusa da gaskiyar abin. Amma ku da kanku kun san abin da za a mai da ita kafin la'asar.

8/ Abin da na tsaya a kai: hana-jiƙa. Ƙirar tamu ce, irin ta hana-salla da dafa-duka da fasa-ƙwauri, aikatau a gaba, abin da ya faɗa wa a baya. Ta faɗi aikin rigar, ta kuma ɗora bushewar kan mai ita. Mace ce, tana bin riga. A gwada ta a baki: "Ruwan nan sai da hana-jiƙa." "Hana-jiƙarka tana yoyo a wuya." "Ya iya kurme, amma bai taɓa sa hana-jiƙa ba." Ba inda harshe ya yi tuntuɓe.

Masu gardama suna da abin faɗa. Gumi yana taruwa a ciki, kuma idan ka murɗa wuya da ƙarfi ko ka dunƙule hannu jijiyoyi suka tashi, ɗan ruwa kan silalo. Gaskiya ne. Amma hana-salla ma ai ba ta taɓa hana kowa salla ba, baki kawai ake juyawa baya. A dai riƙa sa ƙugiyar "ƙ", kada a wayi gari ana hana jika.

9/ Abin da sunan bai ɗauko ba shi ne zancen iska, sai sassan su ɗauka. Na ƙirji, maɓallin hura. Na damtse, bawul ɗin saki. Matsewar rigar a zurfi, mintsini. Juyewar ƙafafu sama, kifewa, maganinta alkafura. Malami na iya ba da darasin farko gaba ɗaya da waɗannan ba tare da ya ari kalma ba in ban da bawul, wanda tuni ya zama ɗan gida.

10/ Saura 'yar uwarta mai barin ruwa ya shiga. "Sha-ruwa" ce ta fara zo mini, amma kunne yana jin kamar wanda ya sa ta ne zai sha. Malamai, masu Hausa, a taimaka da wani.