Air rifle da Hausa: bindigar iska ce ko bindigar tsuntsu?

1/
Jama'a, ku taya ni mu tsayar da kalma ɗaya. Ƙanena da ke zaune a Ingila yana kiwon kaji a bayan gida, ɓeraye suka addabe shi. Ya ƙi sa guba saboda yaransa da kyanwar maƙwabta, sai ya sayi abin da suke kira air rifle. Da ya zo yi wa Baba bayani a waya ya rasa sunanta, ya ce "wata ƙaramar bindiga". Baba ya ɗauka fistol ce, ranar bai yi barci ba. Tun lokacin nake juya maganar.

2/
Sai mun san abu kafin mu raɗa masa suna. Wannan bindiga ba ta cin albarushi, ba ta tashin wuta ko hayaƙi. Iska ake matsewa, in an ja kunama ta kufce ta ingiza 'yar dalma. Wata ana karya ta a tsakiya a ɗana sifirin, shi ke tura iskar. Wata kuma tana da tulu a jikinta, a dura masa iska da famfo har matsinta ya kai bar 200 ko fiye (bar ma'aunin matsin iska ne), a yi harbi da yawa kafin a sake durawa. Ba sabuwar aba ba ce: sojojin Ostiriya sun riƙe samfurin Girandoni tun wajen 1780.

3/
Sunaye uku aka kawo mini. Bindigar famfo ta faɗi tun farko, domin mai sifirin ba ta da famfo.

Bindigar tsuntsu ta fi daɗin baki, kuma na ji masu cewa haka suka taso suna ji. Amma ba na son ta. Ƙanena ɓera yake harbi, manoman can zomo da kurege suke harbi, wasu kuwa gasar saiti kawai suke yi, har a wasannin Olamfik daga nisan mita 10. Abin da ya fi damuna shi ne sunan yana rage mata nauyi, yaro ya ji tsuntsu ya ɗauka 'yar'uwar danƙo ce. Alhali tana fasa ido, tana iya kisa.

4/
Saura bindigar iska. Na san abin da za a ce: iska tana da wata fuska a Hausa, akwai ɗan iska, akwai iskoki, wani zai ji kamar ana nufin bindigar banza. Na yarda akwai wannan. Amma ku je tasha ku ji direban tirela yana maganar birkin iska, ko ku tsaya wajen mai faci ana cewa a ƙara wa taya iska. Babu wanda ya taɓa ruɗewa. Bahaushe ya daɗe da sanin matsattsiyar iska tana da ƙarfi. Kuma sunan ya bi sawun bindigar toka, wato a kira makami da abin da ke cikinsa. Ni dai nan na tsaya.

5/
Abin da take harbawa kada a ce masa harsashi kai tsaye, don harsashi yana da kwanso da albarushi. Wannan dalma ce zalla, faɗinta milimita 4.5 ko 5.5, tsakiyarta a tsuke kamar kalangu. Ƙwayar dalma ta wadatar.

6/
Batun ƙara shi ne ya sa ƙanena ya zaɓe ta, saboda gidajensu bango ɗaya ne da na maƙwabta. Bututun da ake ɗaurawa a bakinta ba sai mun ƙirƙira masa suna ba, muna da salansa tun zuwan babur. Asalinsu ma ɗaya: Hiram Percy Maxim, Ba'amurken da ya yi rajistar salansar bindiga a 1909, ya ƙera ta injuna ma. To sai mu ce salansar bindiga.

Amma a guji "mara ƙara", ƙarya ce. Mai sifirin tana da nata kwaram na ƙarfe wanda salansa ba ta iya ɓoyewa, shi ya sa mai tulu ta fi laushin murya. Kuma in ƙwayar ta wuce gudun sauti, wajen mita 343 a daƙiƙa, sai ta yi tsawa kamar bulala. "Mai sassaucin ƙara" ya fi gaskiya.

7/
Dalili na ƙarshe da ya sa nake son kalmar bindiga ta zauna daram a sunan shi ne doka. A Ingila da Wales, wadda ƙarfin harbinta bai wuce jul 16 ba (jul ma'aunin ƙarfi ne) babba yana iya mallaka ba lasisi, amma Sukotlan ta wajabta takarda tun ƙarshen 2016. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta jera ta tare da bindigogin farauta masu buƙatar lasisin 'yan sanda. Wanda gafiya ta dama a rumbu ya fara sanin wannan kafin ya yi oda.

Jiya na kira Baba na ce masa bindigar iska ce, mai harba ƙwayar dalma. Bai tambaye ni ƙarin bayani ba, sai ya ce in gaya wa ƙanena ya riƙa kulle ta inda jikokinsa ba za su kai ba. 'Yan'uwa na Damagaram da Kumasi, me kuke ce mata a wajenku?